Malam, ajiye wayar nan ka yi wa yara kacici-kacici

Damina ta kankama, ga hutun makaranta, yara suna takure a ɗaki. Abin da nake gani a gidajenmu: uba ya miƙa musu waya don su yi shiru, shi kuma ya fice majalisa. Haba Malam!

Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya taɓa jefa wa sahabbai kacici-kacici a kan wata bishiya da ganyenta ba ya zuba, mai kama da Musulmi. Manya suka yi ta lissafo itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ne, amma kunya ta hana shi magana, shi ne ƙarami a wurin. Da Umar ya ji labari, ya so a ce ɗan nasa ya amsa.

To, gwada yau bayan isha'i. A shimfiɗa tabarma, a kashe talabijin. Kai ka jefa tambaya, uwargida ta kawo tatsuniya, wanda ya canka a ba shi dabino uku. Kuma don Allah a bar auta ya fara amsawa. In ya kuskure, kada yayyensa su yi masa dariya.