Abin da Ke Ƙarƙashin Riga

Ranar kasuwar Mayahi ko ta Tasawa, in mutum ya tsaya ya ƙirga ƙarfen da ke hannun jama'a, sai ya ɗauka yaƙi za a fita. Rundawa sun jera wuƙaƙe a kan tebur. Mai saran itace ya saɓa gatari. Bafillace ya gitta sanda a wuya ya rataya hannuwa biyu a kanta, wani ma har da adda a kwiɓi. Buzu ya sauko daga arewa da takobinsa cikin kube. Matan da suka kawo kaba daga bakin Gulbin Kaba suna da 'yar wuƙa cikin kaya, ga wanzami da zabira cike da asake. Duk da haka kasuwa takan ci ta watse, kuma a mafi yawan ranaku ba jinin da ke zuba sai na awaki da raguna.

Za a ce haƙurin mutanenmu ne. Haƙurin yana nan, amma akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba: ƙarfen nan duk a fili yake. Kowa ya san wa ke riƙe da me.

Ku lura da yadda faɗa ke tashi a kara, kan cinikin sa da aka warware ko dillalin da aka ce ya ci la'ada biyu. Hanyarsa sananniya ce. Murya ta ɗaga, zagi ya biyo baya, wani ya naɗe hannun riga. Kafin sanda ta sauko daga wuya zuwa hannu, ta kuma tashi sama, mutum uku sun riga sun cafe ta. Dattijo ya shiga tsakani yana cewa, "Haba Malam, ka dubi girman Allah." Wani ya ja ɗayan gefe: "Zo nan ƙanena, rabu da shi, ka bar mini." Masu rabon faɗa da ido suke aiki. Suna ganin makamin tun yana hanya, suna da lokacin kai hannu. Kuma sau da yawa mai ɗaga sandar ma da su ya dogara. Ya ɗaga ne don ya san za a riƙe shi, ya koma gida an ce namiji ne, ba tare da ya fasa kan kowa ba. Da yawa daga cikin jaruman kasuwa, masu rabo ne suka rufa musu asiri.

Makamin ɓoye ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Wuƙar damtse ta daɗe a wurin Buzaye da Tubawa da matafiyan Hausa: gajeriya, kubenta na da zoben fata da ake zura hannun hagu a ciki, hannun riga ya sauko ya rufe. Maƙeri ya ƙera, baduku ya ɗinka kube, mai saye kuma yana da abin da yake dubawa. Kada ta yi tsawo har ta hana lanƙwasa hannu, kada kuben ya yi sako-sako ta zame ana tsakar salla. Sai dai ɓoyonta na sunan ɓoyo ne, don kowa ya san matafiyi ba ya rabuwa da wuƙa. Iyakar isarta iyakar hannun mai ita. Aikinta na kullum kuwa yanke igiya, fere rake, da gaggawar yanka dabbar da ke shirin zama mushe a hanya. Mutum na iya tsufa da ita ba ta taɓa jikin ɗan Adam ba, kuma ba a ce ta yi zaman banza ba.

A Amurka, zaɓen makamin da za a ɓoye cikin tufafi ya zama fanni guda, da shagunansa da mujallunsa da malamansa. Gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1791 ya ba su 'yancin riƙe makami, a watan Yunin 2022 kuma kotun ƙolinsu, a wata shari'a da ta taso daga jihar New York, ta ce 'yancin ya haɗa da fita da bindiga waje. Fiye da rabin jihohinsu yanzu ba sa neman takardar izini kafin mutum ya soke bindiga a ƙugu ya rufe da riga.

Cikin abin da suke saye har yau akwai 'yar ƙaramar libarba, irin mai gangar harsashi da ke juyawa, wadda Samuel Colt ya yi wa rajista a Amurka tun 1836. Kamfanin Colt ya fito da gajeriyarta mai suna Detective Special a 1927, mai cin harsashi shida, bututunta wajen santimita 5. A 1950 Smith & Wesson suka fito da Chiefs Special, suka rage harsashi zuwa biyar don gangar ta sirance, kada ta yi tudu a ƙarƙashin riga. Bayan shekara biyu suka kawo wata da aka rufe gudumar bayanta gaba ɗaya cikin jikin ƙarfe, don kada ta sarƙe da bakin aljihu lokacin zaro ta. Masu sonta suna yaba mata rashin rikici: babu wani makulli da za a tuna a buɗe, in harsashi ya ƙi tashi sai a sake jan kunama, gangar ta juya ta kawo na gaba.

Amma kowane sauƙi da aka samu, an biya shi a wani wuri. Ta ƙarfe zalla ta ɗan haura rabin kilo, tana jan ɗamara ƙasa, har mai ita ya gaji ya riƙa barin ta a gida. Ta alminiyam ba ta kai rabin kilo ba, sai dai in an harba tana shuri kamar jakin da aka taɓa wa gyambo, hannu ya yi tsami, mai ita ya daina zuwa gwaji. Gajeren bututu ya sa saiti wuya. Kunamarta tana son ƙarfin yatsa na wajen kilo 5, abin da ke karkatar da hannun wanda bai saba ba. Su kansu malaman harbin suna faɗa cewa bindigar da ta fi daɗin ɗauka ita ta fi wuyar harbawa daidai, amma ita ake yawan miƙa wa sabon shiga saboda ta yi kyau a tafin hannu.

Abin lura a nan shi ne inda duk wannan dabara ta dosa. Ƙanƙanta, rashin nauyi, rufaffiyar guduma, kuben da ke sakin bindiga da ja ɗaya, duka abu biyu ake nema da su: kada kowa ya gani, kuma a gajarta lokacin da ke tsakanin niyya da harbi. A wuraren gwajinsu har agogo ake sa wa mutum, a ga ko zai zaro ya harba cikin sakan biyu. In ɓarawo ne a gabanka cikin duhu, wannan gaggawa tana da hujja. To amma mutum sau nawa yake haɗuwa da ɓarawo, sau nawa kuma yake haɗuwa da fushinsa? Rigimar iyakar gona, bashi, gado, shanun da suka shiga wake, ɗan kabu-kabun da ya goge ka ya kuma zage ka. A irin waɗannan, lokacin nan da masu ƙira suke ta ƙoƙarin yankewa shi ne duk abin da dattijon kara yake da shi. Sakan biyu ba su isa ya ce "haba Malam" ba.

Malamanmu suna karantar da cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya kama tsininsu da hannu kada ya yagi wani, ya hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa ne, ya kuma hana miƙa takobi tsirara ba kube. Ba a hana mallakar makami a cikin waɗannan ba. An dai sa wani abu tsakanin kaifi da jikin mutane, an kuma ɗauka cewa hannu na iya kuɓuce wa mai shi. Al'adar fada ma haka take. Mai zuwa gaban sarki ko mai gari yakan tuɓe takalmi ya jingine sandarsa a waje. Dokar Nijar ta zamani ta bi wannan sawu: tsarin dokokin karkara na 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun sa rigimar manomi da makiyayi ta fara bi ta zaman sulhu wurin sarakuna kafin ta kai gaban alƙali, hukuma kuma takan tsayar da ranar sakin gonaki bayan girbi. A zaman irin wannan, dogari na iya ƙirga sandunan da aka bari a ƙofa ya san kowa ya shiga hannu sake. Abin da ke cikin aljihun babbar riga kuwa, zaure zai shige tare da mai shi.

Kada dai a ɗauka makamin fili ba ya kisa. A watan Oktoban 1991, a Toda cikin wannan jiha ta Maraɗi, an kashe mutum fiye da 100, akasarinsu mata da yaran Fulani, bayan rigimar manoma da makiyaya. Ba bindigar aljihu ce ta yi wannan ɓarna ba. Ranar nan taron da ya kamata ya riƙe hannu shi ne ya ɗauki makami. Ganin makami yana amfani ne kawai in akwai mai niyyar rabo.

Sai kuma batun inda bindigar za ta kwana. Ba'amurke yana fama da yadda zai ɓoye ta cikin matsattsen wando, mu kuwa babbar riga za ta haɗiye ta har da 'yar'uwarta. Matsalarmu a gida take. Mutum zai yi alwala sau biyar, ya yi sujada da nauyi a aljihu cikin sahu. Zafin watan Afrilu zai sa ya tuɓe riga ya rataye a ƙusa, a gidan da yara goma ke shiga da fita, kuma duk wanda ya taɓa zama yaro ya san ana laluben aljihun baba. Rashin rikicin nan da ake yaba wa libarba bai san hannun wa ya riƙe ta ba. A Amurka, alƙaluman hukumar lafiyarsu sun nuna mutum fiye da 48,000 suka mutu ta bindiga a 2021, kuma fiye da rabinsu su suka harbi kansu. Wato wanda ya fi kusa da bakin bindiga shi ne mai ita, sai mutanen gidansa.

Ƙasar Tasawa ta ga wannan da idonta. A 1899, hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, suka ratso daga yamma suna ƙone garuruwa, suka yi ta'asa a Birnin Ƙonni, suka iso nan babu mai makamin da ya kai nasu. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda gwamnatinsu ta aiko ya tsayar da su. Cikin kwana uku su biyun sun mutu, kuma ba kibiyar wani bakatsine ko mashin wani badamagare ne ya kashe su ba, sojojinsu ne da suke kwana a zango ɗaya. Kaburburansu na nan a Maijirgi.

Duk da haka, ba daidai ba ne a yi wa mai tsoro dariya. Tun bayan rushewar Libiya a 2011 makamai suka ƙara yawa a yankin Sahel. Gundumomin Madarunfa da Gidan Rumji sun sha satar shanu da garkuwa da mutane daga 'yan bindigar da ke tsallako iyaka, tun 2019 kuma dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka shigo jihar. Ɗan kasuwar Korgom ko Hawandawaki, da iyaka ke kusa da shi, in ya ji labarin nan dole zuciyarsa ta raya masa wani abu. Sai dai lissafin ba ya fita. Masu zuwa kan babura da yawa suke zuwa, kowane da AK-47 mai cin harsashi 30. Harsashi biyar daga gajeren bututu, a hannun wanda bai taɓa gwaji ba, ba abin da za su ƙara sai dalilin a harbe shi. Ga kuma doka: a Nijar riƙe bindiga sai da izinin ma'aikatar cikin gida, wanda jandarma suka samu da ita babu takarda kuwa, a irin wannan zamani, zai sha wuyar bayyana cewa shi ba ɗan aiken 'yan daji ba ne. Ƙasar da ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994, ta kuma ƙone bindigogi fiye da 1,000 a bainar jama'a a Agadas a watan Satumban 2000, ba ta ɗauki bindiga a aljihun farar hula abin wasa ba.

'Yan kasuwar da suka san hanya sun riga sun yi nasu zaɓen, ba su jira kowa ba. Dillali ya sayar da shanu, maimakon ya ɗaure kuɗi a ƙugu sai ya shiga ofishin Nita ko Al Izza ko Amana ya tura, ya hau mota da kuɗin goro kawai. Ana tafiya a ayari, ana kauce wa dare, ba a faɗa wa kowa ranar tashi. Wannan ya rage abin da ɗan fashi zai samu a jikin matafiyi. Abin da ya rage shi ne wanda ba ya turuwa ta waya: garken shanu a rugga, rumbun hatsi, da mutum kansa a ɗakinsa cikin dare. Tsaron waɗannan ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, shi ya sa in manya suka zo rangadi, abin da masu gari ke roƙo shi ne sintiri, da hanya mai kyau, da lambar da za a kira a kuma zo.