JIKI MAGAYI: SHIN MAGANA KAƊAI KE WARKAR DA MIKIN ZUCI?

Hausawa kan ce jiki magayi, su kuma ce jiki ya fi kunne ji. Galibi da sigar gargaɗi muke jin waɗannan karin magana, wato idan an yi wa yaro faɗa ya ƙi ji, sai a ce a ƙyale shi, jikinsa zai gaya masa. Da wannan ma'ana ce John Tafida da Rupert East suka raɗa wa ƙagaggen labarinsu suna a shekarun 1930. To amma akwai wata ma'ana ta biyu kwance a ƙarƙashin ta farko, wadda likitocin ƙwaƙwalwa na Turai da Amurka suka shafe fiye da shekara ɗari suna kai-komo a kanta. Ma'anar kuwa ita ce, idan masifa ta auka wa mutum, kamar yaƙi ko fyaɗe ko mummunan haɗarin mota, jikinsa kan riƙe labarin, ya ci gaba da bayar da shi ko da baki ya yi shiru. Tambayar da muke so mu tattauna da 'yan'uwa marubuta ita ce: shin wajibi ne wanda ya ga tashin hankali ya faɗi abin da ya gani kafin ya sami sauƙi? Idan kuwa ba wajibi ba ne, to mene ne haƙƙinsa a kanmu, mu masu neman labari?

Mu marubuta mutanen magana ne, kuma kowane ɗan kasuwa hajarsa yake yabo. Saboda haka muna da saurin yarda cewa duk abin da ya tokare ƙirji, da zarar an amayar da shi a baki ko a takarda, an rabu da shi ke nan. Wannan ra'ayi yana da madogara. A shekarar 1895 likitoci biyu na birnin Biyana, Josef Breuer da Sigmund Freud, sun wallafa littafi a kan marasa lafiyar da suka sami sauƙi ta hanyar ba da labarin abin da ke damunsu, har ɗaya daga cikin matan ta kira hanyar da sunan maganin magana. A 1986 kuma James Pennebaker, wani masanin halayyar ɗan'adam a jihar Texas ta Amurka, ya sa ɗalibai su riƙa rubutu na minti 15 a rana har kwana 4. Waɗanda suka rubuta abin da ya fi ƙona musu rai tare da yadda suka ji, sai aka ga zuwansu asibitin makaranta ya ragu a watannin da suka biyo baya. Ashe dai alƙalami na da nasa amfani, babu mai musun haka.

Sai dai kuma akwai inda magana ke tsayawa. A yaƙin duniya na farko, 1914 zuwa 1918, an riƙa dawo da sojoji daga bakin daga suna karkarwa, wasu bakinsu ya mutu, alhali ko ƙwarzane babu a jikinsu. Wani likitan Amurka, Abram Kardiner, wanda ya daɗe yana duba tsofaffin sojoji, ya rubuta a 1941 cewa jikin irin waɗannan mutane kullum a shirye yake, tamkar yaƙin bai ƙare ba. Sai a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa wannan larura cikin kundinta da suna na musamman, bayan matsin lamba daga sojojin da suka dawo daga Biyetnam. A nan za mu kira ta ciwon razana.

Yadda abin yake kuwa shi ne, a cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai suna amigdala, wanda aikinsa gadi ne. Da ya hango haɗari sai ya buga ƙararrawa, wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda su saki sinadarin adirenalin, zuciya ta hau bugawa da sauri, numfashi ya gajarce, tsoka ta ɗaure, domin mutum ya yi faɗa ko ya ranta a na kare. Idan duka biyun sun gagara, sai jiki ya sandare. Ga mafi yawan mutane, wannan hali kan lafa bayan 'yan makonni. Ga wasu kuwa maigadin ba ya komawa ya zauna. Ƙarar ƙofa ko warin hayaƙi ya isa ya mayar da su cikin ranar da abin ya faru. A 1996 masu bincike a Bostan sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum 8 masu wannan ciwo a daidai lokacin da ake karanta musu labarin abin da ya same su. Sassan tsoro suka kama aiki gadan-gadan, shi kuwa sashen da ke harhaɗa magana, wanda ake kira sashen Broca, aikinsa ya ragu. Mutum 8 ba su da yawa, amma sakamakon ya yi daidai da abin da kowa ya taɓa gani: wanda ya razana ƙwarai, harshensa kan yi nauyi.

Harshenmu ma shaida ne. Bahaushe ba ya cewa tunaninsa ya tsorata. Cewa yake gabansa ya faɗi, hantar cikinsa ta kaɗa, tsigar jikinsa ta tashi, jikinsa ya yi sanyi. Hatta farin ciki da baƙin ciki, a ciki muka ajiye su. Wannan ya kai mu ga tsohuwar muhawarar masana falsafa a kan dangantakar jiki da rai. René Descartes na Faransa, a littafinsa na 1641, ya raba su gida biyu: hankali mai tunani a gefe guda, jiki mai kama da inji a ɗaya gefen. Likitancin Turai ya daɗe a kan wannan turba, har ya zama likitan jiki daban, na ƙwaƙwalwa daban. Amma tun ƙarni na 9 zuwa na 10, Abu Zaid al-Balkhi ya rubuta Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya nuna cewa cutar ɗaya kan taɓa ɗaya. Ibn Sina kuma, wanda ya rasu a 1037, ya bayyana a cikin Al-Ƙanun yadda likita zai riƙe jijiyar hannun wanda soyayya ta kwantar, a riƙa ambaton sunaye, har a zo kan sunan da zai sa bugun jini ya canza. Baki ya ɓoye, jijiya ta tona.

A kan wannan fahimta aka gina hanyoyin jinya da ke bi ta jiki. Wilhelm Reich, almajirin Freud, shi ya fara cewa a shekarun 1930 damuwar da aka danne kan zama sulke a tsoka, a ga mutum kafaɗa a ɗage, muƙamuƙi a cije, numfashi sama-sama. Peter Levine na Amurka, a littafinsa na 1997, ya kawo misalin barewar da ta kuɓuta daga bakin naman dawa, wadda kan yi karkarwa ta kakkaɓe tsoron sannan ta koma kiwo. A ganinsa ɗan'adam kan danne wannan karkarwa, sai tsoron ya maƙale. Pat Ogden ta fito da tata hanyar a littafinta na 2006. Abin da ya haɗa su shi ne, mai jinyar ba ya farawa da tambayar me ya faru. Tambayarsa ita ce: yanzu me kake ji a jikinka, kuma a ina? Sai a bi abin a hankali, kaɗan-kaɗan, ana komawa ga numfashi duk lokacin da tsoro ya nemi yin yawa. Dalilin komawa ga numfashi kuwa sananne ne ga masana aikin jiki, domin fitar da iska a hankali na rage saurin bugun zuciya.

Daga nan ne yoga ta shigo. Asalinta daga Indiya ne, inda ta daɗe a matsayin tarbiyyar jiki da ruhi, kuma kalmar ta fito ne daga wani tushe na harshen Sanskirit mai ma'anar haɗawa. A farkon shekarun 2000 wani malamin yoga, David Emerson, ya haɗa gwiwa da likita Bessel van der Kolk a wata cibiya kusa da Bostan, suka tsara wani nau'i na musamman domin masu ciwon razana. Ƙa'idojinsa abin lura ne. Malami ba ya taɓa ɗalibi da hannu don gyara masa tsayuwa. Ba ya ba da umarni, sai dai ya ce in kin ga dama ki ɗaga hannu, in kin ji ya isa ki sauke. Ba a tambayar kowa tarihinsa. A 2014 suka wallafa sakamakon gwaji a kan mata 64 waɗanda ciwon ya daɗe tare da su, magunguna kuma ba su yi musu aiki ba. An raba su gida biyu na tsawon mako 10, rabi suna yoga, rabi suna zaman darasin kiwon lafiya. A ƙarshe kashi 52 cikin ɗari na masu yoga sun fita daga sahun masu ciwon, a ɗaya rukunin kuwa kashi 21. A shekarar ce kuma van der Kolk ya fitar da littafinsa The Body Keeps the Score, wato jiki ne ke riƙe da lissafi.

A ganinmu, darasin da ke cikin waɗannan ƙa'idoji ya fi lanƙwasa gaɓɓai muhimmanci. Wanda aka yi wa fyaɗe ko aka azabtar, abin da aka ƙwace masa shi ne iko a kan jikinsa. Wani ne ya yanke hukuncin abin da zai faru da shi, ba tare da shawararsa ba. Saboda haka duk maganin da zai zo da tilas, ko da niyyar alheri ce, yana ɗauke da kamannin cutar. Matar da aka ce mata in kin ga dama, ta kuma zaɓi ta sauke hannunta ba wanda ya tsawata mata, an mayar mata da wani yanki na abin da aka sace.

Duk da haka kada mu yi saurin yanke hukunci, domin ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Shi kansa Reich daga baya ya shiga da'awar wasu abubuwa marasa tushe, har ya mutu a kurkukun Amurka a 1957. Misalin barewa na Levine ra'ayi ne mai daɗin ji, ba tabbatacciyar hujja ba. Gwajin mata 64 ƙarami ne. Hanyoyin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kansu a 2013 sun haɗa da jinyar da ake fuskantar tunanin abin da ya faru tare da ƙwararre, wato dai magana ba ta faɗi ba. Akwai kuma haɗari a cikin cewa jiki na tunawa. A shekarun 1990 a Amurka, wasu masu jinya sun riƙa fassara ciwon jiki da mafarki a matsayin shaidar cin zarafin da aka manta, aka zargi iyaye da dama da laifin da daga baya wasu masu zargin suka janye. Jiki na iya gaya mana cewa akwai tsoro, amma ba ya iya tsayawa shaida a kan wanda ya yi laifi. Batun asalin yoga a addinin Hindu ma ya jawo muhawara. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin ta a 2008, ta malaman Indunusiya kuma a 2009 ta hana nau'in da ke ɗauke da ibada, ta bar wanda motsa jiki ne zalla. Nau'in Bostan dai an tsara shi ne a matsayin jinya, motsi da numfashi kawai.

To ina ruwan marubuci da duk wannan? Tun daga 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri, da kuma hare-haren 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato, ƙasarmu ta cika da mutanen da jikinsu ke riƙe da irin wannan labari. Da yawa daga cikinmu na sha'awar rubuta shi, kuma ya kamata a rubuta, domin abin da ba a rubuta ba mantawa ake yi. Sai dai akwai abin da ya kamata mu sani. An taɓa yayin tara waɗanda masifa ta rutsa da su cikin 'yan kwanaki, a sa kowa ya zayyana abin da ya gani a zama guda. Wani babban nazari na 2002 da ya tattara gwaje-gwajen da aka yi ya nuna cewa hakan ba ya hana ciwon razana, wani lokaci ma ƙara shi yake. Shi ya sa jagoran taimakon gaggawa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ya ce a saurari mutum idan yana son magana, amma kada a matsa masa. Idan an ja wa likita wannan kunne, ina ga marubucin da ya zo da biro da takarda, wanda zai tafi da labari ya bar mai labarin da daren da ba barci?

Saboda haka haƙƙin da ke kanmu a fili yake. Mu nemi izini, mu kuma bar ƙofar fasawa a buɗe har tsakiyar hira. Mu lura da hannun da ya fara rawa da idon da ya kafe wuri guda, mu san cewa lokacin tsayawa ya yi ko da labarin ya zo wurin da ya fi daɗi. Kada mu yaudari kanmu cewa tambayarmu magani ce. A cikin ƙagaggun labaranmu kuma, mu daina sa wadda ta tsira daga hannun 'yan bindiga ta zauna ta zuba jawabi shafi uku, ta share hawaye, shi ke nan ta warke. Mai karatu zai fi gaskata mu idan muka nuna masa yadda take zabura in an buga ƙofa, da yadda take zaɓen wurin zama kusa da hanyar fita, da kuma ranar da ta fara cin abinci ba tare da waiwaye ba. Ko za ta ba da labarin, da ranar da za ta ba da shi, wannan nata ne.