Filin Golf da Haƙƙin Ƙasa a Riruwai

Filin golf yana son ƙasa mai tudu da gangare, mai rairayi wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, da faɗin kadada 50 ko fiye domin ramuka 18. A Sikotland, inda wasan ya samo asali, jigawar bakin teku irin ta St Andrews aka ba shi, ƙasar da manomi ba ya kwaɗayi.

A ido, Riruwai da ke kudancin jihar Kano ta dace: ga tuddai, ga sanyi, ga damina mai ƙarfi fiye da ta birnin Kano. A Jos ma, ƙasar kuza irin wannan, Turawa sun kafa filin Rayfield. Matsalar ita ce rani. Koriyar ciyawa sai da ban ruwa kullum, shi ya sa filayen Arewa suka daɗe suna shimfiɗa yashi gauraye da mai a bakin ramuka. Ruwan madatsar Tiga kuwa, wadda aka gina zamanin Audu Bako, yana da masu jiransa: manoman Kadawa, masunta da mutanen birni.

Wasan kansa ba shi ne abin tuhuma ba, matuƙar babu caca kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba. Tambayar tana kan ƙasar. Fiƙihun Malikiyya ya halatta wa mutum ya mallaki matacciyar ƙasa idan ya raya ta, amma ya keɓe hurumin gari, inda ake kiwo da yin itace. Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi a kan wannan babi. Hadisi kuma ya sanya ruwa da ciyawa da wuta cikin abin da jama'a suka yi tarayya a kai. Dajin da baƙo ke gani wofi, sau da yawa burtali ne ko mashayar shanun Fulani, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, duk da ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, amana ta kira ta.

Don haka gonakin masara na Doguwa da Tudun Wada ba su dace ba, haka ma Dajin Falgore. Mafi kusa da dacewa ita ce ƙasar da haƙar kuza ta lalata, domin gyara ta rayawa ce ta gaskiya. Ko ita ma sai an fara tantance masu shayar da dabba da masu noman rani a tsoffin kududdufanta.