Hukuncin Ƙari da Maruru a Jikin Musulmi

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya halicci ɗan Adam ya kyautata surarsa, ya suturta tsokarsa da fata, ya saukar da cuta kuma ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, abin da ya jawo maganar wannan mako wata tambaya ce da aka yi mini a Karaye, ta ƙasar Maiyama. Mun tashi daga karatun bayan Magariba ke nan, sai wani dattijo manomi ya dakata har jama'a suka watse, sa'an nan ya matso ya ɗaga rawaninsa, ya nuna mini wani ƙari a ƙeyarsa, girmansa kamar ƙwan zabo. Ya ce, "Malam, shekara uku ke nan ina ɓoyon wannan abu. Waɗansu sun ce jifa ne, waɗansu sun ce in kai wa wanzami ya tsaga. 'Ya'yana kuwa sun matsa sai in je asibiti, ni kuma ina ganin kamar yin haka raunin tawakkali ne." Na ce masa, "Baba, ni malamin Larabci ne, sanin abin da ke cikin ƙarin nan aikin likita ne. Amma abin da Shari'a ta ce game da shi, wannan zan gaya maka." To, abin da na gaya masa shi ne zan maimaita a nan, domin na san masu irin lalurarsa suna da yawa.

Da fari, mu san cewa kumburin da kan fito a fata iri-iri ne, kuma likitoci sun tabbatar mafi yawansa ba ya kisa. Akwai ƙarin kitse, mai laushi, wanda in an taɓa shi ya kan motsa a ƙarƙashin fata, ba ya ciwo, kuma a hankali ya ke girma. Akwai wanda ya ke kamar 'yar jaka, cike da wani farin abu mai wari, wanda ko an matse shi sai ya dawo muddin ba a cire jakar ba. Akwai maruru, wanda ƙwayoyin cuta ke haddasawa a gindin gashi, ya yi zafi ya tara mugunya. Wanda maruru ya dame shi, wannan ya warke wancan ya fito, ya kamata a auna jininsa, gama ciwon sukari na kawo haka. Akwai kaluluwa, wadda kan taso a hammata ko a matsematsi in an ji rauni a hannu ko a ƙafa, ta koma in raunin ya warke. Akwai kuma tabon da kan tsiro ya yi tudu bayan hujin kunne, ko tsaga, ko ƙuna. Wannan ya yawaita ga baƙar fata, kuma in aka sa masa aska sau da yawa ya kan dawo ya fi na da girma.

Duk waɗannan sababinsu a cikin jiki ya ke, bisa ƙaddarar Allah. Saboda haka wanda ya ga ƙari a jikinsa ya ce maƙwabcinsa ne ya jefe shi, ko kishiya ce ta yi masa sammu, ba tare da hujja ba, ya haɗa wa kansa cuta biyu, ta fata da ta zuciya. Allah Ta'ala ya hana mu yawan zato a cikin Suratul Hujurati, kuma a cikin wannan sura ya hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabobi. Sai masu kiran mutum "mai ƙari" ko "mai maƙoƙo" su ji tsoron Allah, gama irin wannan ba'a na cikin abin da ke sa marar lafiya ya ɓuya har lokacin magani ya wuce. Zuwa wurin boka kuwa domin ya faɗi wanda ya yi jifa, wannan hasara ce ta dukiya da ta addini gaba ɗaya.

Amma fa akwai kumburin da ba a yi masa jinkiri. Likitoci suna gargaɗi game da ƙarin da ke girma da sauri, ko mai tauri kamar dutse wanda ba ya motsi, ko mai zubar da jini, ko wanda rama ta biyo bayansa. Haka nan gyambon da ya ƙi warkewa, da tawadar Allah da ta sake kama ko launi, da baƙin tabo mai yaɗuwa a tafin ƙafa, da kowane miki a fatar zabiya, domin rana na yi musu illa ƙwarai. Kaluluwar wuya da ta yi makonni ba ta koma ba tana iya zama tarin fuka, wanda ke da magani. Sai kuma ƙululu a cikin mama. Wannan na ƙarshe na ga abin da ya yi a cikin dangina. Wata 'yar'uwata ta ɓoye nata fiye da shekara saboda kunya, ana jiƙo ana shafe-shafe, ba a kai ta asibiti ba sai da ya fashe. Ta rasu ta bar yara huɗu. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan gaskiya ne, amma mu da muka sani muka yi shiru, har yau ina tsoron tambayar da za a yi mana.

Wannan gargaɗi malaman Musulunci sun daɗe da yin sa. Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, wanda ya rasu wajen shekarar 1013 Miladiyya, ya keɓe kashi na talatin na littafinsa Attasrif ga aikin fiɗa. A ciki ya koyar da a binciki ƙari da tsinke a san abin da ya ƙunsa kafin a yanka, ya kuma bayyana cewa ciwon daji ana iya cire shi tun yana ƙarami, in ya daɗe ya girma kuwa, shi kansa bai taɓa warkar da irinsa ba. A nan ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai a kan magani, haka kuma Malam Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu a kan maslahar addini da ta jiki. Shin akwai wanda zai ce ya fi waɗannan bayin Allah tawakkali?

Neman magani sunna ce. Ya tabbata a cikin Bukhari cewa babu cutar da Allah ya saukar face ya saukar mata da waraka. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu da mai magani, ya yanke masa jijiya ya yi masa lalas. Addu'a da tofi da ayoyin Alƙur'ani abu ne mai kyau, a yi su, a kuma tafi wurin wanda ya san aikin. Sai dai kowane aiki da gwaninsa. Mutanen ƙasar nan sun san in ƙashi ya karye akan nufi masu ɗori na Aliero, ba wanda ke kai karaya wurin maƙeri. To, haka ƙari ya ke. Wanzami ya iya aski da ƙaho, amma idonsa ba ya rarrabe ƙarin kitse da na daji, gama wani lokaci likita ma sai ya ɗebi ɗan yanki an duba da madubin ƙara girma kafin ya yanke magana. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya shiga yin magani alhali ba a san shi da saninsa ba, to, ramuwar ɓarnar da ya yi tana kansa. Sai masu sakiya da tsaga su auna wannan da kyau.

Game da kunya kuwa, malamai sun halatta wa likita ya dubi gurbin cuta gwargwadon lalura. In an sami likita mace domin mace, shi ya fi, in ba a samu ba, lalura ta halatta namiji. Maigidan da ya hana iyalinsa zuwa asibiti a irin wannan hali ya ci amanar da Allah ya ba shi.

Saura maganar tsarki, wadda ke damun masu ƙurji da maruru. A mazhabar Imamu Malik fitar jini ko mugunya daga fata ba ya warware alwala. Abin da bai kai faɗin dirhami ba na jini ko mugunya, watau kamar da'irar nan da ke a dantsen alfadari, an yi rangwame a kansa a jiki da tufa. Marurun da ke tsiyaya da kansa ba tare da an matse shi ba, an yi rangwame a kan abin da ya fito daga gare shi ko da ya fi haka. Wanda aka yi wa aiki kuwa, in yana tsoron ruwa zai cuce shi, sai ya yi shafa a kan ciwon, in ba ya iyawa ya shafa a kan ɗaurin, ya wanke sauran gaɓoɓi. Kada kowa ya tsananta. Abu Dawuda ya kawo labarin wani mutum da dutse ya fasa wa kai a cikin tafiya, wanka ya wajaba a kansa, abokansa suka ce ba shi da sauƙin taimama, ya yi wanka ya mutu. Da labari ya kai ga Manzon Allah sai ya ɗora musu alhakin mutuwarsa, ya nuna cewa da sun yi tambaya tun da ba su sani ba.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, in ka ga baƙon abu a jikinka ko jikin iyalinka, ka je asibitin da ya fi kusa, na Maiyama ko Jega ko Aliero. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Shi dattijon nan ya bi 'ya'yansa, aka duba aka tarar kitse ne, aka cire masa shi rana ɗaya ya komo gida. Kwana goma ya yi yana shafa a kan ɗauri, yanzu kuwa sai ɗan tabo.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa cutar da ta same mu ta zama kaffarar zunubanmu, amin. Allah shi ne mafi sani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.