Alhakin Ramin da ke Tsakiyar Hanya

Malaman usulu sun raba wajibi gida biyu: farillar aini, wadda ke kan kowane mutum a ƙashin kansa, kamar salla da azumi, da kuma farillar kifaya, wadda idan wasu suka tsaya da ita ta saraya daga kan saura, idan kuwa kowa ya yi biris da ita zunubi ya game jama'a baki ɗaya. Akwai wata mas'ala da ke tsakanin waɗannan biyun wadda ban ji ana yawan tattauna ta a majalisun karatu ba, alhali kuwa zaman birni na wannan zamani a kanta ya ginu, ita ce: idan aka raba aiki ɗaya ga hukumomi da yawa, kowace ta sauke rabonta daidai yadda takardarta ta ce, sannan duk da haka cuta ta ɓullo daga tsakanin rabon wannan da na wancan, to wa za a tambaya a duniya, kuma wa zai amsa ranar hisabi?

Wanda yake son ganin wannan mas'ala da idonsa, ya dubi titunan Yamai. Titi a wurin mai tafiya kwalta ce kawai, amma a ƙarƙashinta da gefenta akwai dukiyar ma'aikatu dabam-dabam, kowace da shugabanninta da kasafinta da lokacin aikinta. Bututun da ke ɗauko ruwan kogin Isa daga matatun Gudel da Yantala mallakar hukumar SPEN ne, sarrafa su kuma ya kasance a hannun kamfanin SEEN tun 2001, har zuwa 2024 da kamfanin NDE ya gaje shi; turaku da wayoyin wuta na NIGELEC ne, wadda aka kafa a 1968; wayoyin sadarwa na Niger Telecom ne da sauran kamfanonin salula; lambatu da shara suna wuyan ma'aikatar magajin gari; manyan hanyoyi kuwa gwamnati ce ke ba da kwangilarsu. Tun da aka ƙaddamar da shirin Niamey Nyala a 2011, aka gina gadar sama ta Mali Bero a 2013 da ta Diori Hamani a 2018, aka gyara birni domin taron ƙolin Tarayyar Afirka na 2019, aka buɗe gada ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché a 2021, ƙasar birnin ba ta huta da haƙa ba, kuma aiki irin wannan ba ya yiwuwa sai an kawar da bututu, an tumɓuke turke, an sake wa waya hanya. Dogaron da waɗannan ma'aikatu ke yi da juna ma a fili yake, domin injinan da ke tura ruwa zuwa unguwanni da wuta suke aiki, mazauna birnin kuwa sun san wahalar rashinta tun ma kafin watan Agusta na 2023 da Najeriya ta katse wadda take aikowa.

Abin da idon talaka ke gani kuwa sananne ne. A gama shimfiɗa kwalta sabuwa fil, baƙa wuluk, ƴan unguwa suna murna ƙura ta kwanta. Kafin a jima sai ga leburori da diga da shebur sun tsaga ta daga wannan gefe zuwa wancan domin a ratsa da bututu, tamkar telan da ya gama ɗinka babbar riga da aikinta, sannan ya sa almakashi a ƙirjinta don ya tuna bai yi aljihu ba. Idan an gama sai a mayar da jar ƙasa a tattake da ƙafa, ruwan farko na damina ya zo ya lotsa wurin, wani mai shago ya tausaya ya kafa reshen dogon yaro ko tsohuwar taya don gargaɗi, da dare kuma ɗan kabu-kabu da ya ɗauko mace da goyo ya faɗa ciki. A wata unguwar kuma katafilar ɗan kwangila ce za ta fasa bututun da ba a gaya masa yana nan ba, ruwa mai tsabta ya kwana yana malala a kan hanya, famfunan gidaje su ƙafe, mata su fita neman ƴan ga-ruwa da tsada.

Idan ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa yana da uzuri, kuma ina ganin yawancin uzuran gaskiya ne. Ɗan kwangila zai ce an ba shi wa'adi, taswirar da aka miƙa masa ba ta nuna bututu a nan ba. Mai ruwa zai ce mutane ne suka nemi a ja musu famfo, ba zai bar su da ƙishirwa saboda kwalta ba. Mai ba da izini zai ce takarda ta zo masa cikakkiya ya sa hannu. Babu maƙaryaci a cikinsu, ga kuwa ƙafar bawan Allah a karye.

Fiƙihunmu bai bar wannan babi a buɗe ba. Imamu Malik, Allah ya yi masa rahama, ya bambanta a cikin Muwaɗɗa tsakanin wanda ya haƙa rami a hanyar Musulmi ba bisa abin da ya halatta gare shi ba, wanda lamunin duk abin da ya halaka a ciki yana kansa, da wanda ya yi abin da ya halatta, wanda babu lamuni a kansa. Fuƙaha'u kuma suka rarrabe tsakanin wanda ya aikata ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sababinta. Ibn al-Rami, wani magini a birnin Tunis a ƙarni na 14 wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun gini, ya wallafa littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen katanga da hanya da magudanan ruwa na tarayya, abin da ke nuna cewa magabata sun ɗauki lambatu a matsayin abin da ya cancanci tawadar malami. Sai dai wahalar zamaninmu ita ce kowane mai haƙa yana riƙe da izini, don haka kowa yana iya fakewa da rabin maganar Malik na biyu.

Abin da nake gani, Allah shi ne mafi sani, izinin haƙa bai taɓa zama izinin barin cuta ba, domin hukuma ba ta mallaki hanya ba balle ta yafe haƙƙin masu bin ta. Amana ce a hannunta, kuma izininta yana tafe da sharaɗin kiyaye lafiyar jama'a ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Sannan akwai ƙa'idar nan ta usulu, cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Idan kiyaye rayuka da dukiyar baitulmali wajibi ne, kuma ya tabbata ba ya samuwa sai mai hanya da mai ruwa da mai wuta sun zauna sun sanar da juna abin da kowa ya binne da abin da yake niyyar binnewa, to wannan zama da wannan sanarwa sun fita daga babin kyautatawa sun shiga babin farilla. Kifaya ce a kan ma'aikatu, amma tana komawa ta aini a kan mutumin da ya sani: injiniyan da taswirar bututu ke cikin durowarsa, ya ji ana shirin haƙa, ya yi shiru don ba a rubuto masa wasiƙa ba, ya ɓoye ilmi a lokacin da ake bukatarsa, kuma ba na jin cewa rashin wasiƙa zai zama hujja gare shi a gaban Wanda ya san abin da ke cikin zukata.

Za a ce mini bututu yakan fashe da tsakar dare ba tare da shawara da kowa ba, kuɗin hanya da kuɗin ruwa sukan zo daga masu ba da rance dabam a shekaru dabam, birnin kuma yana faɗaɗa fiye da saurin kowace ma'aikata. Duk na yarda. Larura tana halatta tsaga sabuwar kwalta, amma malamai sun ce ana auna larura da gwargwadonta, gwargwadonta kuwa yana ƙarewa a sa'ar da aka ɗaure bututun. Abin da ya biyo baya na barin rami wata da watanni sakaci ne.

Abin da ya fi tsorata ni a wannan al'amari shi ne nau'in haƙƙin. Wanda ya ci dukiyar mutum ɗaya yana iya nemansa ya roƙi gafara; wanda ya jawo aka biya kuɗin hanya ɗaya sau biyu, alhali da yawa daga cikin irin waɗannan ayyuka da bashi ake yin su, masu haƙƙi a kansa sun haɗa da manomin Tawa da makiyayin Difa waɗanda ba su taɓa taka titin ba, da yaran da za su girma su tarar da bashin. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usul al-Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da hanyoyi da kasuwanni cikin abin da ke wuyan shugaba, kuma a tsarin da suka gada akwai muhtasibi, wanda aikinsa ya haɗa da hana a cutar da masu wucewa. Kujerar nan ce nake ganin babu kowa a kanta. Ana bukatar ofis ɗaya a ma'aikatar magajin gari wanda ke riƙe da taswirar duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa, wanda ba za a zuba kwalta a wata hanya ba sai ya tara masu ruwa da wuta da waya sun gama nasu, kuma kowane rami da aka buɗe a kafa allo a bakinsa ɗauke da sunan ma'aikatar da ta haƙa da ranar da ta yi alkawarin rufewa, yadda mai unguwa zai san ƙofar da zai je ya yi sallama idan ranar ta wuce.