WACE MAKARANTA CE TA DACE DA GIDANMU?



A kowace shekara, idan damina ta kankama kuma watan Satumba ya matso, tambaya guda takan shiga gidajen 'yan Katolika na Anka, Gummi da Bukkuyum: ina za mu kai yaron nan makaranta? Ga yawancin iyaye amsar ba ta wuce lissafin kuɗi da nisan hanya. Amma akwai waɗansu iyalai a cikinmu da tambayarsu ta fi haka zurfi. Su ne waɗanda ake ce wa masu sassaucin ra'ayi. Akwai malaman asibiti a cikinsu, da ma'aikatan gwamnati, da 'yan kasuwa, da waɗanda aure ko jini ya haɗa su da Musulmi a gida ɗaya. Suna son makarantar Katolika saboda horo da ingancin karatu, amma suna fargaba. Ba sa son a rufe wa yaro baki idan ya yi tambaya, ko a nuna wa 'ya mace cewa karatunta na ɗan lokaci ne. Bulala ba ta kwanta musu a rai ba. Suna kuma tsoron yaro ya dawo hutu yana raina kakarsa domin tana yin salla.

Shin daidai ne iyaye su auna makarantar Ikkilisiya da mudun gidansu, ko kuwa wannan girman kai ne? Amsar da nake so mu yi tunani a kanta ita ce: daidai ne, har ma wajibi ne, muddin iyaye sun yarda a auna mudun nasu shi ma.

Mu fara da hakkin iyaye. A ranar 28 ga Oktoba, 1965, Majalisar Batikan ta Biyu ta fitar da takarda kan ilimin Kirista, inda ta koyar cewa iyaye su ne malamai na farko ga 'ya'yansu, tun da ta wurinsu Allah ya ba yaran rai. Dokokin Ikkilisiya na shekarar 1983 sun ƙarfafa wannan: doka ta 793 ta ɗora wa iyaye hakki da nauyin ilimantar da 'ya'yansu, ta 797 kuma ta ce dole su sami 'yanci na gaskiya wajen zaɓen makaranta. Saboda haka uban da ya zauna gaban shugaban makaranta yana yi masa tambayoyi bai yi rashin ladabi ba. Aikin da Allah ya ba shi yake yi. Makaranta mataimakiya ce ga gida, mai taimako kuwa ba ya ƙwace garma daga hannun mai gona.

Yanzu sai mu duba abubuwan da waɗannan iyalai suke nema, ɗaya bayan ɗaya, mu ga ko baƙi ne ga bangaskiyarmu.

Na farko, 'yancin yin tambaya. A shekarar 1953 aka danƙa aikin bishara na wannan yanki na Sakkwato a hannun limaman Dominikan daga Amurka, a 1964 kuma ya zama cikakkiyar diyosis. Babban malamin wannan ƙungiya, Waliyyi Toma na Akwino, wanda ya rasu a 1274, yana da wata hanya ta koyarwa: kafin ya ba da amsa kan kowace mas'ala, sai ya fara jera hujjojin masu musu da shi, ya ba su cikakken ƙarfinsu, sa'an nan ya amsa su ɗaya ɗaya. Bai ji tsoron tambaya ba, domin ya gaskata cewa Allah wanda ya ba da bangaskiya shi ne ya ba da hankali. Haka kuma Giregori Mendel, wanda ya gano yadda halitta ke gadon kamanni ta hanyar gwaji da wake a lambun zawiyarsu, limamin Katolika ne. Malamin da ke tsawata wa yaro don ya tambayi yadda aka yi duniya ya kauce daga wannan gado. Hausawa sun ce mai tambaya ba ya ɓata.

Na biyu, karatun 'ya mace. A nan ma babu saɓani. Sistocin Dominikan da suka iso Gusau daga jihar Kansas a 1956 mata ne masu ilimi, sun zo da aikin jinya da koyarwa. Ƙasar nan kuma tana da nata tarihin. A ƙarshen ƙarni na 18, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara, mata suna halartar karatunsa, har wasu malamai suka soke shi a kan haka, amma bai kore su ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, mata suna kai ilimi ga mata a ƙauyuka. Uban da ke son 'yarsa ta zama likita ko lauya bai shigo da baƙon abu ba, ko ta wajen Ikkilisiya ko ta wajen maƙwabtansa Musulmi.

Na uku, rashin tilas a addini da girmama na wani addinin. A ranar da aka fitar da takardar ilimi, a ranar ce kuma Majalisar ta fitar da wata kan dangantakar Ikkilisiya da sauran addinai, inda ta nuna girmamawa ga Musulmi saboda suna bauta wa Allah ɗaya, suna daraja Yesu da uwarsa Maryamu, suna riƙe da addu'a, azumi da sadaka. A Disamba na wannan shekarar ta koyar cewa ba a tilasta wa kowa a sha'anin addini. Doka ta 748 ta haramta tilasta wa mutum shiga Katolika ba da yardar lamirinsa ba. A jiharmu, inda aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, mu ƙaramin garke ne, mun kuma san zafin a matsa wa mutum saboda addininsa. Abin da ba mu so a yi wa 'ya'yanmu, kada makarantunmu su yi wa 'ya'yan wasu.

Na huɗu, bulala. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa horon Katolika da dorina abu ɗaya ne. Waliyyi Yohanna Bosko, wanda ya tara yaran titi a birnin Turin na Italiya kuma ya rasu a 1888, ya gina tarbiyyarsa bisa hankali, addini da ƙauna, ya kuma hana malamansa dukan yara. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwara da ƙarfin tsiya karya shi yake yi.

Kun ga ke nan yawancin abin da ake kira sassauci dukiyar gidanmu ce. Idan wata makaranta mai sunan Katolika ta rasa waɗannan, ita ce ta gaza, iyaye kuma suna da hakki su nemi wata.

Amma tilas ne mu juya mudun ta ɗaya gefen. Akwai abin da makarantar Katolika ba za ta iya ajiyewa domin faranta wa kowane gida rai ba. Za ta yi addu'a da safe. Za ta kai 'ya'yan Katolika Misa, ta koya musu katikisim. Za ta koyar cewa Yesu Kristi Ɗan Allah ne kuma Mai Ceto, cewa ran mutum mai tsarki ne tun daga ciki, cewa aure alkawari ne har mutuwa. Ba za ta ce dukan ra'ayoyi ɗaya suke ba, domin girmama mutum daban, yarda da duk abin da ya faɗa daban. Wanda yake so a cire waɗannan, a bar masa Turanci mai kyau da sakamakon jarrabawa kawai, ya shiga rumfar mai gishiri yana cewa a ba shi wanda ba ya ɗanɗano.

A nan kowane uba da kowace uwa ya kamata su binciki lamirinsu. Wani lokaci abin da muke kira sassauci ƙauna ce ga gaskiya da mutuncin ɗan Adam. Wani lokaci kuwa sanyin jiki ne kawai ya sa sabuwar riga: ba ma son yaro ya dawo yana tambayarmu dalilin da ya sa ba ma zuwa coci ran Lahadi, ko dalilin da ya sa muke karɓar na goro a ofis. Ranar da muka kawo jariri baftisma, an tambaye mu ko mun fahimci nauyin renonsa cikin bangaskiya, muka amsa a gaban jama'a. Wannan alkawari yana nan.

Haɗari mafi girma shi ne a jefa yaro tsakanin murya biyu masu musun juna. Idan malami ya koyar da abu da safe, uba ya yi masa dariya da dare, yaron ba zai koyi bangaskiya ba, ba kuma zai koyi 'yancin tunani ba. Abin da zai koya shi ne cewa manya suna faɗin abin da ba su yarda da shi ba idan akwai riba. Idan kuna da saɓani da wata koyarwa, ku faɗa wa shugaban makaranta tun farko, ku kuma yi wa yaron bayani cikin natsuwa da girmamawa, gwargwadon shekarunsa.

To, yaya za a gane makarantar da ta dace? Gani ya kori ji. Ku je da kanku a ranar karatu. Ku fara tabbatar da sunan, domin doka ta 803 ta ce babu makarantar da za ta kira kanta Katolika sai da izinin hukumar Ikkilisiya. Sunan waliyyi a allon ƙofa bai isa shaida ba, ku tambayi Fada na majami'arku. Ku dubi ko yara suna ɗaga hannu a aji ba da tsoro ba. Ku ƙidaya 'yan mata a ajin ƙarshe, ku gwada da na ajin farko. Ku tambayi abin da ake yi wa ɗalibi Musulmi a lokacin Misa da lokacin azumi. Ku tambayi wanda ke da ikon hukunta yaro, da irin hukuncin.

Akwai kuma tambayar da ta shafi yankinmu musamman: me ake yi da yaron da ba ya saurin ganewa? A shekarar 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, wanda ya tsira ma yana iya samun wahalar koyo har tsawon rayuwa. Yunwa, gudun hijira da firgicin harin 'yan bindiga su ma suna rage wa yaro ƙarfin karatu. Makarantar da ke sallamar irin waɗannan yara don kada su ɓata mata sakamako ta nuna ainihin abin da take bauta wa, ko da gicciye yana rataye a kowane aji.

Ba za mu rufe ido ga zancen tsaro ba. Mai neman makarantar kwana daga nan yakan dubi Gusau, Sakkwato, Zuru ko Kwantagora, hanyoyin kuwa mun san halinsu. A Fabrairun 2021 an kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A Nuwamban 2025 an sace 'yan mata a makarantar Maga ta jihar Kebbi, kwanaki kaɗan bayan haka aka kwashe yara da malamai fiye da 200 daga makarantar Katolika ta Papiri a jihar Neja. Iyayen da suka ce ba za su kai ɗansu nesa ba saboda wannan ba su yi zunubi ba. Doka ta 798 ta tanadi cewa idan ba zai yiwu a sa yaro a makarantar da ke ba da tarbiyyar Katolika ba, sai iyaye su tabbatar ya same ta a wajen makaranta. Wannan yana nufin addu'ar iyali da yamma, ajin katikis ran Asabar ko Lahadi, da taimakon Zumuntar Mata. Yaron da ke makarantar gwamnati a Gummi, wanda uwarsa ke durƙusawa tare da shi kowane dare, bai yi asara ba.

Ku kuma malamai da shugabannin makarantunmu, kada ku ɗauki iyaye masu tambaya a matsayin abokan gaba. Sau da yawa tambayarsu tana tuna mana abin da Ikkilisiya ta riga ta koyar amma muka yi sakaci da shi. Ku amsa musu da gaskiya, ku faɗi abin da za ku iya sassautawa da abin da ba naku ba ne balle ku sassauta.

Ya ku iyaye, kada ku nemi makarantar da za ta yarda da ku a kan kome, domin babu ita, ko da akwai ma ba za ta ƙara wa ɗanku kome ba. Ku nemi wadda za ku iya gaya wa gaskiya, ita ma ta gaya muku, wadda za ku iya tsayawa tare da ita a gaban yaron ba tare da jin kunya ba. Ku yi shawara tsakanin miji da mata, ku saurari yaron idan ya yi wayo, ku kai zancen gaban Allah kafin ku biya kuɗin rajista.

Bari Iyali Mai Tsarki na Nazarat, Yesu, Maryamu da Yusufu, su yi mana jagora, Ubangiji kuma ya tsare 'ya'yanmu a gida, a hanya da a makaranta. Amin.