WAI SHIN GYARA SHI NE ƁOYE TABO?

'Yan'uwana mata, a ƙasashen Turai akwai wani ƙaton goge da suke kira dabul bas. Tsawonsa ya kai na cikakken namiji, da katako ake yin sa, ana goga tsirkiyarsa da izgar doki. Wasu sun haura shekara 400. Akwai wanda Gasparo da Salo, mutumin Italiya da ya rasu a 1609, ya sassaƙa. Makaɗi Dragonetti ya riƙe shi har ya mutu a Landan a 1846, sannan aka mayar da shi birnin Venis.

To irin wannan tsohon kaya, in bushewar iska ta tsaga shi, yaya ake yi? Mai gyara zai ɓamɓare fuskarsa a hankali, ya wanke tsagar, ya haɗa bakinta, ya liƙa ƙananan katakai ta ciki su riƙe ta. Da danƙon da aka dafa daga fatar dabba yake liƙi, alhali ga danƙon zamani mai riƙo kamar ƙarfe. Dalili kuwa, na fata yana saki in ya ji ɗumi da danshi, don haka mai gyaran gobe zai iya buɗewa ba tare da ya fasa ba. In kuma yanayi ya ja katakon, mahaɗin ne zai saki, katakon ya tsira. Haka nan ba ya kankare tsohon fentin don ya yi ƙyalli, domin yin haka zubar da darajarsa ne.

Uwargida, duba yadda muke sulhu da maigida ko abokiyar zama. Wata so take a share komai kamar ba a taɓa ɓatawa ba. Wata kuma sai ta kafa sharaɗi mai tsauri, wai "in aka sake, shi ke nan." Ta farko ta kankare fenti, ta biyu ta sa danƙon da ran da zama ya motsa, katakon ne zai dare.

Amma fa kada ki ɗauka kowace ɓarna ake lallaɓawa. Inda ƙwaro ya cinye katakon, yanke wurin ake yi a sa sabo. Cutar da ke ci ta ciki, ba haƙuri ne maganinta ba, a kira manya a fito da ita fili.

Ashe gyara na gari shi ne wanda ya yarda an taɓa tsagewa, ya kuma bar ƙofar gyaran gobe a buɗe. Ƙwaryar da aka ɗinke, ai ɗinkin shaida ne cewa mai ita ba ta so rabuwa da ita ba.